Yaronmu a Sojan Ruwa: A Bar Shi Ya Ƙare Koyo

Tun da aka kafa Daffo a Zariya cikin 1924, mutanen ƙasar Zazzau sun saba da ganin 'ya'yansu cikin kaki. Uba a Ikara ko Kudan ba ya razana in an ce ɗansa ya shiga soja, gama ya san inda Daffo yake. Amma sojan ruwa al'amarinsa dabam ne. An kafa rundunar cikin 1956, manyan makarantunta kuwa suna can kudu. Kurtu yakan fara da Onne, kusa da Fatakwal. In an zaɓe shi domin aikin lantarki, sai a tura shi Kwalejin Injiniya ta rundunar da ke Sapele. Daga Maƙarfi zuwa can tafiya ce ta yini guda cur a mota, ko ma fiye.

To, mene ne yaron nan yake koyo? Jirgin yaƙi a tsakiyar teku da dare makaho ne, kurma ne, sai da na'urori. Akwai rada, wadda ke aika saƙo cikin iska, in ya bugi wani jirgi ya komo, sai ta auna nisan jirgin da lokacin da saƙon ya yi a hanya. Akwai mai auna zurfin ruwa, akwai rediyon da ake magana da tudu. Iskar teku kuwa da gishiri take, kullum tana cin wayoyi. Wanda zai gano inda cuta take ya gyara, shi ne yaronmu. Wannan ilmi ba a samunsa cikin wata biyu.

Abin da ya sa muka ɗauko maganar nan shi ne, mun sha ganin iyaye sun sa albarka ran tafiya, sa'an nan su ne kuma suke karya zuciyar yaro daga baya. Kaka ta yi, an rasa mai saran rake, sai a aika masa ya komo. Uwa ta ji labarin teku, sai ta yi ta kuka a waya. Wani uban kuma tun yaro bai ƙare koyo ba ya fara ɗora masa kuɗin taki da na biki. Ba mu ce waɗannan ba damuwa ba ne. Lalle gidan da ya rasa ƙarfin saurayi guda ya yi rashi, kewar uwa kuwa ba abin wasa ba ce. Amma a sani, sojan da ya bar bariki ba da izini ba mai laifi ne a dokar soja. Uban da ya matsa wa ɗansa ya gudo, ya jawo masa hukunci, ya kuma ɓata wahalar da ya riga ya sha.

Manomin rake ya fi kowa sanin wannan. Ba ya sare rakensa yana wata uku domin yana bukatar kuɗi, sai ya jira ya ƙosa, kāna ya sami mazarƙwaila.

A nan ne muke roƙon malaman makaranta da akawuna, domin ku ne iyaye suke kawo wa takarda ku karanta musu. Ku bayyana musu cewa shirun yaro ba mantuwa ba ne, horo ne ya tsare shi. Ku shawarce su su aika masa da labari mai daɗi da addu'a, su bar ƙananan matsalolin gida a gida. Dangi su yi gayya su rufe gurbinsa a gona. In wani ya ce ɗan tudu ba shi da rabo a ruwa, ku tuna masa da Awwal Zubairu Gambo, mutumin Kano, wanda ya shugabanci rundunar daga 2021 zuwa 2023.

Har wa yau, sana'ar nan ba ta ƙarewa da kaki. Ran da yaro ya gama aikin soja, da iliminsa zai komo garinsu, inda ake neman mai gyaran lantarki ruwa a jallo. Allah ya ba iyaye haƙuri, ya tsare mana 'ya'yanmu a tudu da ruwa, amin.