Wanda Ya Ci Ladan Kuturu Shi Zai Yi Masa Aski

Duk wanda ya ratsa ta Banex Plaza da ke Wuse a birnin Abuja, ko kasuwar Farm Centre ta Kano, zai tabbata cewa kwamfuta ta zama kayan aikin kowa, tun daga ɗalibin jami'a har zuwa akawun ofis da ƙaramin ɗan kasuwa. Galibin waɗannan na'urori daga ƙasashen waje ake shigo da su, kuma lokaci lokaci kamfanonin da suka ƙera su sukan ba da sanarwa cewa sun gano aibi a cikin wani samfuri, a mayar musu da shi. Tambayar da muke so mu ɗora a gaban jama'a da hukuma a yau ita ce: wa ya kamata ya biya kuɗin mayar da kayan?

Wannan matsala ba sabuwa ba ce. A shekarar 1994 an gano cewa ƙwaƙwalwar kwamfuta samfurin Pentium ta kamfanin Intel tana yin kuskure a wasu lissafe-lissafen rabawa. Da farko kamfanin ya ce sai mutum ya nuna cewa kuskuren ya shafi aikinsa kafin a musanya masa, amma da kukan jama'a ya yi yawa sai ya amince ya musanya wa duk wanda ya nema, abin da ya ci masa dala miliyan 475. A shekarar 2006 kamfanin Dell ya janye baturan kwamfutar tafi-da-gidanka miliyan 4.1, ƙirar kamfanin Sony, domin suna iya kamawa da wuta. A 2016 kuma, da wayar Galaxy Note 7 ta riƙa kamawa da wuta, kamfanin Samsung ya aika wa masu ita a Amurka akwatuna masu jure zafi, ya kuma ɗauki nauyin kuɗin aikawa.

A ƙasashen Tarayyar Turai an riga an yanke magana. Dokar kare lafiyar masu sayen kaya da ta fara aiki a watan Disamba na 2024 ta bayyana cewa idan aka janye kaya, mai saye ba zai biya kuɗin aikawa ko na mayarwa ba.

Mu ma nan Nijeriya ba mu rasa doka ba. Dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC mai hedkwata a Abuja, a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye da aka kafa da dokar soja a 1992. Dokar ta ba mai saye ikon mayar da kaya masu aibi cikin wata uku da karɓarsu, ba tare da tara ba, kuma ɗawainiyar mayarwar tana wuyan wanda ya sayar, shi ne zai gyara, ko ya musanya, ko ya mai da kuɗi. Ta kuma wajabta janye kaya masu haɗari daga kasuwa tare da sanar da jama'a.

To, ina gizo yake saƙar? Kwamfutoci da yawa da ke kasuwanninmu ba ta hannun wakilan kamfanoni suke shigowa ba, wasu ma na hannu ne. Idan sanarwar janyewa ta fito, mai kanti sai ya nuna rasit mai ɗauke da sharaɗin cewa kayan da aka saya ba a mayarwa, kamfani kuwa ya ce a aika kayan zuwa ƙasar da aka fara sayar da su. Alhali dokokin sufurin jiragen sama na duniya sun hana ɗaukar batirin da maƙerinsa ya ce yana da haɗari. Watau an ɗora wa talaka nauyin da ko yana da kuɗi ba zai iya saukewa ba. Ƙarshenta sai ya haƙura ya ci gaba da aiki da abin da ke iya ƙone masa gida.

Mu a namu ra'ayi, wanda ya ƙera kaya, da wanda ya shigo da su, da wanda ya sayar, su ne suka ci riba, su ne kuma ya wajaba su raba asarar a tsakaninsu. Mai saye ya biya kuɗin kaya lafiyayyu, babu dalilin da zai sake biyan kuɗin kuskuren da ba nasa ba.

Saboda haka muna kira ga hukumar FCCPC da ta tilasta wa duk kamfanin da ke sayar da na'urorinsa a ƙasar nan ya buɗe wuraren karɓar kayan da aka janye a manyan birane, kyauta, ta kuma riƙa yayata sanarwar janyewa a gidajen rediyo da harsunan da jama'a ke ji. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON da jami'an kwastan su tabbata cewa kayan da aka janye a Turai ba su biyo ta bayan gida sun shigo kasuwanninmu ba. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa su daina fakewa da rubutun rasit, domin rubutun kanti ba ya soke dokar ƙasa. Jama'a kuma su riƙa neman rasit mai lambar na'ura, su adana shi, su kai ƙara idan an hana su haƙƙinsu, tun wata ukun nan bai cika ba.