KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA AMSAR KUƊI

Jama'a, yau zancenmu a kan wani faifai ne na waƙa, amma duk wanda ya taɓa kasa kaya a kasuwa zai gane inda muka dosa.

Cikin shekarar 1992 waɗansu Turawa biyu 'yan ƙasar Faransa, Eric Mouquet da Michel Sanchez, suka fito da faifansu na farko mai suna Deep Forest. Ba su rera waƙoƙin da bakinsu ba. Akwai wata na'ura wadda ake zuba mata muryar mutum ta riƙe, sa'an nan mai ita ya yanko guntu, ya maimaita shi, ya ɗaga shi ko ya sauke shi, ya ɗora masa kiɗan inji. Da irin wannan na'ura suka harhaɗa muryoyin mutanen karkara waɗanda masu bincike suka ɗauka tun shekaru da dama, suka ɗinke su kamar yadda tela ke haɗa ƙyallaye ya fid da riga. Faifan ya karɓu ƙwarai, aka sayar da miliyoyi.

To, waƙar da ta fi kowace fita cikinsa, watau Sweet Lullaby, muryar wata mace ce ana ce da ita Afunakwa, mutuniyar tsibirin Malaita a ƙasar Tsibiran Solomon, can cikin tekun Fasifik. Waƙar lallashin yaro ce ta kabilarta, Baegu. Wani masani, Hugo Zemp, shi ya ɗauki muryarta, hukumar UNESCO kuwa ta buga ta a faifai cikin 1973 domin ilmi da adana al'ada. Da muryar ta shiga hannun 'yan kasuwar waƙa, sai aka ji ta a gidajen rawa na Turai da Amurka, har manyan kamfanoni suka yi tallar hajarsu da ita. Sunan Afunakwa kuwa bai fito a jikin faifan ba.

Abin bai tsaya nan ba. Da yake faifan ya cika maganar mutanen dajin tsakiyar Afirka, sai masu saurare suka zaci daga can waƙar ta fito. Har wani makaɗi ɗan ƙasar Norwe, Jan Garbarek, ya sake busa karinta cikin 1996, ya kira ta waƙar gargajiyar Afirka. Kun ji! An ɗauke murya, an ɓatar da suna, har garin mai ita an sauya masa nahiya. Cikin wannan shekara Zemp ya rubuta ƙorafinsa a fili.

Waɗansu za su ce ai waƙar gargajiya ba ta kowa ba ce, kuma da ba don Turawan nan ba, da duniya ba ta san ta ba. Mun ji. Ba mu ce aikinsu ba gwaninta ba, ba mu kuma ce na'ura ce mai laifi ba. Amma a tambayi dillali: in ya kai akuyar wani kasuwa ya sayar da tsada, don shi ya iya ciniki sai kuɗin duka su zama nasa? La'adarsa zai cira, sauran na mai akuya ne.

Ku duba bambancin mai galihu da maras galihu. Cikin 1991 wata kotu a Niyok ta yanke wa mawaƙi Biz Markie hukunci domin ya yanki waƙar Gilbert O'Sullivan ba da izini ba, aka janye faifansa daga kasuwa. O'Sullivan yana da lauya da takarda. Matar Malaita ba ta da ko ɗaya. Haka kuma wani tsohon manomi na ƙasar Taiwan, Difang Duana, da matarsa Igay, aka sa muryarsu cikin waƙar ƙungiyar Enigma, har aka yi tallar wasannin Olamfik na 1996 da ita. Su ba su yi shiru ba, suka kai ƙara, aka yi sulhu cikin 1999, aka yarda a sa sunayensu. Ashe kowa ya yi kuka a inda ya kamata, ana jin sa.

Wannan darasi namu ne. Yau kowace aljihu da waya, kuma waƙar daka da ta niƙa da kirarin mahauta duk ana ɗaukarsu a watsa a intanet. Saboda haka muna kira ga mutanenmu: in wani ya zo ɗaukar muryar uwarku ko ta makaɗin unguwarku, ku tambaye shi ina za ya kai ta. A rubuta sunan mai waƙa da garinsa. A nemi izininsa tun kafin a taɓa na'ura. In riba ta fito, a yanka masa rabonsa a gaban shaidu.

Mai tumatir ba ya barin a ɗebi kashinsa kyauta don an yaba jansa. Muryar talaka ma haja ce, kada a bar ta ba farashi.