Sharhi: Tarukan Ƙungiyoyin Taimakon Al'umma da Baƙin da Suke Gayyata

Kamar yadda aka sani, da zarar an kammala girbi, ko kuma an shiga hutun Sallah da na ƙarshen shekara, garuruwa da ƙauyukanmu sukan cika da tarukan ƙungiyoyi. Ƙungiyar ci gaban gari ta kira taronta na shekara, tsofaffin ɗalibai su shirya walima, matasa su ƙaddamar da asusun neman taimako, mata kuma su yi bikin cika shekara. A kafa rumfuna, a jera kujeru, a ɗaura lasifika, sannan a zauna jiran babban baƙo mai jawabi. Wannan al'ada ce mai kyau, domin Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Sai dai a wannan lokaci da tsadar rayuwa ta addabi jama'a, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ya dace mu tsaya mu tambayi kanmu: me gari yake samu bayan an naɗe tabarmi an mayar da kujerun haya?

Ba mu yi wannan tambaya don rage darajar taro ba. Tarihi ya nuna cewa zama wuri ɗaya a saurari mai ilimi yana iya sauya alƙiblar al'umma. A shekarun 1940, wasu malaman makaranta da ma'aikatan En'e a Bauchi sun riƙa haɗuwa suna muhawara kan ilimi, mulki da halin da talaka yake ciki. Cikinsu akwai Malam Sa'adu Zungur, Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. Irin wannan zama a Bauchi, Sakkwato, Zariya da Kano yana daga cikin tushen farkawar siyasa a Arewa. Ba su da rumfa ta alfarma, ba su da babban mai ƙaddamarwa, amma suna da batun da suke son a warware.

Haka abin yake a ƙungiyoyin hidima na duniya. An kafa ƙungiyar Rotary a birnin Chicago na ƙasar Amurka a ranar 23 ga Fabrairu, 1905, lokacin da wani lauya mai suna Paul Harris ya zauna da abokansa uku. Sunan ma ya samo asali ne daga yadda suke kewaya wurin zama daga ofishin wannan zuwa na wancan. Da farko zumunci da sada harkokin sana'a ne manufarsu, amma ba a daɗe ba suka koma ga hidimar gari, kuma ɗaya daga cikin ayyukansu na farko shi ne fafutukar samar da makewayin jama'a a birnin. Har yau tsarin zaman rassan ƙungiyar bai sauya sosai ba: a haɗu a kai a kai, a ci abinci tare, a ba wani masani 'yan mintoci ya yi bayani, a yi masa tambayoyi, sannan a duba ayyukan da ke hannu.

Misali mafi bayyana na tasirin baƙo mai jawabi ya fito ne daga ƙungiyar Lions, wadda aka kafa a 1917. A babban taronta na 1925, an gayyaci Helen Keller, wata baiwar Allah da ta rasa gani da ji tun tana ƙarama amma ta yi karatu har jami'a. Ta roƙi mahalarta su ɗauki yaƙi da makanta a matsayin aikinsu. Daga wannan jawabi guda ɗaya, kula da lafiyar ido ya zama babban aikin da aka san ƙungiyar da shi a duniya, har ta shiga cikin masu tallafa wa yaƙi da makantar da ƙudan bakin rafi ke haddasawa a ƙasashen Afirka, ciki har da Nijeriya. Abin lura a nan shi ne, baƙuwar ba kuɗi ta zo da su ba. Ta zo da buƙata guda ɗaya bayyananniya, ta kuma faɗa wa mutanen da ke da ikon aiwatar da ita.

Mu a nan Arewa ba baƙi ba ne ga wannan tarihi. A Kano aka kafa reshen Rotary na farko a Nijeriya a 1961, kuma ɗan wannan reshe ne, lauya Jonathan Majiyagbe, ya zama ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar a duniya baki ɗaya daga 2003 zuwa 2004. Ƙungiyar ta ƙaddamar da shirinta na yaƙi da cutar shan inna a 1985, sannan ta haɗa hannu da Hukumar Lafiya ta Duniya, UNICEF da sauransu a 1988, lokacin da cutar take nakasa yara kimanin 350,000 a kowace shekara a ƙasashe 125.

Darasin shan inna ya cancanci mu tsaya a kansa, domin ya nuna mana cewa wanda ya yi magana yana da muhimmanci kamar maganar kanta. A 2003 jita-jita ta bazu cewa an gurɓata maganin rigakafin, har aka dakatar da ɗigon a wasu jihohin Arewa, kuma Kano ba ta koma ba sai a watan Yuli na 2004. A tsakanin wannan lokaci cutar ta yaɗu zuwa ƙasashen da a da suka rabu da ita. Maganin yana nan, kuɗin aiki yana nan, abin da ya ɓace shi ne amana. Ba a dawo da ita ba sai da sarakuna, hakimai, dagatai, masu unguwanni da malamai suka karɓi ragamar wayar da kai, musamman bayan kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko a 2009, bisa jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar. Waɗanda cutar ta nakasa su ma sun riƙa fitowa a kan kekunansu suna yi wa iyaye magana, kuma sau da yawa maganarsu ta fi ta kowane likita shiga zuciya. An ga na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a Nijeriya a Jihar Borno a 2016, aka kuma tabbatar da nahiyar Afirka ta rabu da ita a ranar 25 ga Agusta, 2020. Duk da haka aikin bai ƙare ba, domin wani nau'in cutar yana ɓulla a wuraren da yara da yawa ba su sami rigakafi ba. Annobar mashaƙo da ta kashe yara a jihohin Arewa a 2023 ita ma ta tuna mana da wannan giɓi.

Idan muka dawo gida muka dubi yawancin tarukan ƙungiyoyinmu, sai mu tarar akwai matsaloli guda uku da suke maimaituwa.

Ta farko ita ce yadda ake zaɓen baƙo. Sau da yawa ba a tambayar me ya sani, sai dai a tambayi me zai bayar. A rubuta wa mai kuɗi ko mai muƙami takarda, a ba shi maudu'i mai faɗi kamar muhimmancin haɗin kai, ya aiko wakili bayan jama'a sun yi sa'o'i a rana, wakilin ya karanta takarda da Turanci a gaban manoman da suka bar aikinsu, a tafa, a watse. Babu wanda ya yi tambaya, babu wanda ya koma gida da abin da zai yi amfani da shi a gona ko a cikin iyalinsa.

Ta biyu ita ce kuɗi. Akan kashe abin da aka tara wajen hayar rumfa, janareta, buga kalanda, anko da kyaututtukan karramawa, bisa tsammanin cewa gudummawar manyan baƙi za ta mayar da abin da aka kashe har ta yi rara. A wurin taro sai a ji ana shelar alkawura masu nauyi, amma bayan wata shida ma'aji yana ta zarya gidajen masu alkawari ba a ko buɗe masa ƙofa. Ƙungiya ta tashi da bashi, rijiyar burtsatsen da aka yi taron dominta tana nan a lalace, mambobi kuma su fara zargin shugabanninsu. Ƙungiyoyi da dama ta wannan hanya suka ruguje, ba don an ci amana ba, sai don ba a rubuta komai ba kuma ba a bayyana komai ba.

Ta uku ita ce siyasa. Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, dandalin ƙungiya yakan zama abin sha'awa ga masu neman ƙuri'a. Ba laifi ba ne ɗan siyasa ya halarci taron garinsu, domin shi ma ɗan gari ne. Laifin shi ne a mayar da taron hidima wurin kamfe. Ranar da ƙungiya ta zama ta jam'iyya guda, rabin gari ya fita daga cikinta, kuma aikin gayya ba ya yiwuwa da rabin gari.

Akwai kuma wani giɓi da ba a cika magana a kansa ba, wato rashin mata a wurin sauraro. Batutuwan da suka fi shafar gida, irin su awon ciki, rigakafin yara, abinci mai gina jiki da tsaftar ruwan sha, mata ne masu aiwatar da su. Idan tsarin gari bai ba da damar zama tare ba, to a shirya musu nasu zaman a makarantar Islamiyya ko gidan mai unguwa, a gayyato ma'aikaciyar lafiya ko ungozomar da suka sani ta yi musu bayani da harshen da suke ji.

Mene ne mafita? A ganinmu, ƙungiya ta fara da tantance matsalar da take son magancewa a shekarar, sannan ta nemi mai jawabin da ya dace da ita. Masanan ba su da nisa. Kafin faɗuwar damina, malamin gona zai iya bayyana hasashen da hukumar kula da yanayi ta NiMet take fitarwa a farkon kowace shekara, tare da irin da ya dace da tsawon daminar yankin. A cikin damina, jami'in asibitin garin zai yi bayani kan amai da gudawa, da kuma maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa yara daga wata 3 zuwa wata 59. Da kaka, a yi magana kan ajiyar wake da hatsi a buhunan da ba sa shigar iska maimakon zuba maganin ƙwari mai guba, da kuma hatsarin ƙona daji. Da bazara, a tattauna sanƙarau da cunkoso a ɗakin kwana. Garuruwan da ke bakin kogi ko ƙasan madatsar ruwa su nemi jami'in ba da agajin gaggawa, domin ambaliyar da ta afka wa Maiduguri a watan Satumba na 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau ta isa gargaɗi. Shugaban makarantar firamare, alƙali, jami'in kula da dabbobi da tsohon manomin da ya yi nasara a noman rani duk baƙi ne masu daraja, kuma mafi yawansu kuɗin mota da ruwan sha sun ishe su.

Bayan haka, a taƙaita jawabi, a bar lokaci mai yawa don tambayoyi. Kafin a tashi, a tsayar da shawara ɗaya ko biyu, a ambaci wanda zai aiwatar da ranar da zai kawo rahoto. Sakatare ya rubuta, a karanta a farkon zama na gaba. Game da gudummawa kuwa, a rarrabe abin da ya shigo hannu da abin da aka yi alkawari, a ba da rasit, a zuba kuɗin a asusun banki mai sunan ƙungiya wanda mutum ɗaya ba zai iya cirewa shi kaɗai ba, sannan a liƙa bayanin shiga da fita a ƙofar fadar dagaci ko a karanta shi a gaban jama'a. Ƙungiyar da ta yi ƙarfi ta yi rajista da ƙaramar hukumarta, in da hali har da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, domin masu ba da tallafi ba sa mu'amala da ƙungiyar da ba ta da takarda.

Jami'an ƙananan hukumomi su ma suna da nasu nauyin. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yuli na 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ya ƙara sa idon jama'a ya koma kan shugabanni da kansiloli. Taron ƙungiya dama ce ta jin koken jama'a kai tsaye ba tare da an kashe ko kwabo ba. Ya kamata sashen raya al'umma na kowace ƙaramar hukuma ya mallaki jerin ƙungiyoyin yankinsa da lokutan tarukansu, ya kuma saki ma'aikatan gona, lafiya da ilimi su amsa gayyata a matsayin wani ɓangare na aikinsu. Idan jami'i ya halarta, ya zo da amsa kan kwalbatin da ta karye ko ajin da iska ta yaye rufinsa, kuma kada ya yi alkawarin da ya san babu shi a kasafi. Kwamitocin ci gaban mazaɓu da ke kula da asibitocin matakin farko su ne mahaɗa mafi sauƙi tsakanin ƙungiyoyi da hukuma, don haka a riƙa gayyatar su.

Ba muna cewa a daina walima, kiɗa, wasan ƙwallo ko karrama waɗanda suka yi wa gari hidima ba. Ƙungiyar da ba ta cin abinci tare ba ta daɗewa, kuma yabon gwani ya zama dole. Abin da muke cewa shi ne a auna biki daidai da aljihu, a kuma tabbatar ya haifar da aiki. Kakanninmu da suke gayyar noma da gyaran hanya sukan ci tuwo su sha fura, makaɗa na zuga su, amma ba sa tashi sai an kai ƙarshen kunya.

Daga ƙarshe, muna kira ga shugabannin ƙungiyoyi, iyayen ƙasa, malamai da jami'an ƙananan hukumomi da su zauna tun kafin taro na gaba su amsa tambayoyi uku: wace matsala muke son warwarewa, wa ya fi sanin ta, kuma wa zai bi sawun abin da aka yanke? Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar jama'a, Ya kuma zaunar da garuruwanmu lafiya, amin.