KOWA TASA TA FISSHE SHI?

Jama'a, akwai wani littafin Turanci mai suna Atlas Shrugged, wanda wata mata Ayn Rand ta wallafa a Amurka cikin 1957. Na karance shi kaf, na ga ya kamata talakawa su ji abin da ke ciki, gama aƙidarsa ta riga shi isowa kasuwanninmu.

Ga labarin a taƙaice. Masu masana'antu suka ga gwamnati tana cin guminsu, sai wani John Galt ya zuga su suka yi yaji, suka ɓuya cikin wani kwari a duwatsun Colorado, suka bar ƙasa ta rushe. Nufin matar shi ne wai su ke ɗauke da duniya, son kai halin kirki ne, kuma taimakon ɗan'uwa ba wajibin kowa ba ne.

Tana da hujja guda. A Rasha aka haife ta cikin 1905, tana yarinya 'yan juyin mulki suka ƙwace kantin maganin ubanta. To, wanda kakansa ya sha aikin tilas da haraji da jangali ba sai an koya masa zafin ƙwace ba. Kowa ya ci guminsa, wannan mun yarda.

Amma wa ke ɗauke da duniyar? Mu mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa mun ga amsa da idonmu. Da 'yan bindiga suka hana zuwa gonakin nesa, attajirai suna nan, ba su yi yaji ba. Mai fartanya aka kora, sai ga tiyar masara ta gagari mai iyali.

Ku dubi yadda muke rayuwa. Ɗan kasuwa a Dandume yakan ɗauki buhu bisa amana, ya biya kasuwa mai zuwa. Da adashi mai ƙosai ke tara jari. Da gayya ake nome gonar wanda ciwo ya kwantar. A cire waɗannan, wane gwani ne zai tsaya da ƙafarsa? Ran 11 ga Disamba 1920 babu wanda ya san wannan littafi, amma ran 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, da kowa ya ce ba ɗansa ba ne ya ja bakinsa, wa zai matsa wa hukuma har su dawo cikin mako guda?

Almajiran wannan aƙida muna da su, ko ba su iya Turanci ba. Ga mai ɓoye hatsi sai damina ta yi tsakiya ya ninka kuɗi. Ga mai kai wa ɓarayi labarin maƙwabcinsa saboda 'yan kuɗi. Kowannensu kansa ya so, gari ya biya.

Saboda haka 'yan'uwa, mu riƙe adashinmu da gayyarmu da amanar kasuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya sa mu gane, amin.