Ƙwayar Magani Ba Za Ta Yi Maka Tafiya Ba

Ya kai mai karatu, akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu a Birnin Kebbi, wadda lokaci ya yi da za a fito fili a yaƙe ta ba sani ba sabo. Ɗabi'ar kuwa ita ce ɗaukar tafiyar ƙasa a matsayin alamar talauci, da ɗaukar wasa a matsayin zubar da girma ga duk wanda ya aje iyali. Magidanci a Gesse zai tayar da mota domin sayen burodi a bakin layinsu. Matashi zai tsayar da kabu-kabu saboda tafiyar da ba ta kai ta minti 5 ba. Idan kuwa aka hangi ma'aikaci mai rufin asiri yana tattaki a gefen titi, sai a ci burki a tambaye shi ko lafiya, ko motar ce ta ba da matsala. Wannan tunani yana kwantar da mutane, yana kuma kai wasu kushewa. Mu da muke zaune a bayan tagar ɗakin magani mu ne muke karanta sakamakonsa a takardun likita: amlodipine, lisinopril, metformin, wata bayan wata, har ga waɗanda ba su cika shekara 40 ba.

Kada ka yi mini mummunar fahimta. Harhaɗa magani sana'ata ce, kuma duk wanda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini ko na ciwon suga, wajibi ne ya sha shi a kan ƙa'ida. Wanda ya daina don ya ji sauƙi, da shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda yake wasa. Abin da nake faɗa da shi shi ne zaton cewa ƙwaya za ta ɗauke wa mutum aikin da aka halicci ƙafafunsa domin su yi. Irin wannan zato ne yake sa mutum ya kashe dubbai wajen masu tallar magani da lasifika a kasuwa, masu rantsuwar cewa kwalba ɗaya za ta narkar da teɓa ta wanke jini, alhali ya ƙi abin da ba ya cin ko sisi.

Ga hujja. A shekarar 2002 aka wallafa sakamakon wani babban bincike da aka yi a Amurka a kan mutum 3,234 waɗanda sugansu ya fara hawa amma bai kai matakin ciwo ba. An kasa su kashi uku. Kashi ɗaya aka ba su ƙwayar da babu sinadarin magani a cikinta, kashi na biyu aka ba su metformin, kashi na uku aka sa su motsa jiki na minti 150 a mako tare da gyara cin abinci domin su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu. Bayan kusan shekara 3, metformin ta rage kamuwa da ciwon suga da kashi 31 cikin 100. Motsa jiki da gyaran abinci kuwa suka rage shi da kashi 58. Wato tattaki da kula da kwano sun kusa ninka abin da ƙwayar ta yi. Haka nan a wajen mai hawan jini, motsa jiki a kai a kai yana iya sauke lambar sama ta awo da 5 zuwa 8, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta nemi kowane baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Minti 30 ke nan, sau 5. Hukumar ta kuma bayyana cewa a 2022 kashi 31 cikin 100 na manyan mutanen duniya ba su cika wannan mizani ba.

Za ka ce ai kowa ya san wannan, an sha faɗa a rediyo. Gaskiya ne an faɗa, amma me ya sa ba a yi? Domin ɗan Adam ba ya ɗorewa a kan abin da ba ya jin daɗinsa. Ka ce wa Alhaji ya riƙa zagaya unguwa shi kaɗai kamar mai neman ɓataccen akuya, zai yi kwana 3 ya watsar. Ka haɗa shi da abokansa, ka sa musu gasa da raha, zai riga ka fitowa. A nan ne nake so ka dubi wani wasa da ya yaɗu a Amurka da arewacin Turai, musamman ƙasar Finland, wato golf na faifai.

Wasan ba shi da wuya. Maimakon ƙwallo da sanda da rami, sai a yi amfani da faifan roba mai faɗin kusan santimita 21, wanda nauyinsa bai wuce giram 200 ba. Ana kafa kwanduna na ƙarfe a kan sanduna, kowane da sarƙoƙi rataye a samansa domin su tare faifan ya faɗa ciki. Mai wasa zai tsaya a wurin farawa ya jefa, ya taka zuwa inda faifan ya sauka, ya sake jefawa, har ya shigar. Wanda ya gama da mafi ƙarancin jifa shi ne gwani. Fili yakan ƙunshi kwando 9 ko 18, kuma kafin mutum ya kammala 18 ya shafe awa ɗaya da rabi ko biyu yana tafiya, yana sunkuyo, yana juya kafaɗa da ƙugu, ba tare da ya tuna cewa motsa jiki yake yi ba. Wani Ba'amurke mai suna Ed Headrick ne ya tsara fili na farko na dindindin a Oak Grove da ke jihar Kalifoniya a 1975, aka kafa ƙungiyar ƙwararrun wasan a 1976. A yau yawancin filayen suna cikin wuraren shaƙatawa na jama'a, wasu a gandun gwamnatin jiha a bakin tafki, kuma da yawansu kyauta ake shiga. Ba sa buƙatar ciyawar da ake shayarwa, ba sa buƙatar sare itace, domin itatuwan su ne ma shingen da ke ƙara wa wasan armashi.

Yanzu waiwayo ka dubi abin da muke da shi. Gulbin Rima ya ratso ta Argungu ya biyo ta gefen Birnin Kebbi, da fadama shimfiɗe iya ganinka. A Matan Fada akwai filin da duniya ta san da zamansa, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, bikin da hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Kwanaki ƙalilan ake yi ana bikin, a watse. Daga 2009 ma sai da aka kai 2020 kafin a sake yin sa. To, sauran kwanakin shekara fa? Me zai hana tudun da ke gefen irin waɗannan wurare ya samu hanyar tattaki, da inuwar dogonyaro, da wurin zama, da kwanduna 9 waɗanda kowane mai walda a garin nan zai iya ƙerawa? Ba gonar kowa nake nufi ba, domin fadama ta shinkafa ce, kuma da damina ta ruwa ce. Filin wasa na Haliru Abdu yana da amfaninsa, amma ɗan shekara 55 mai tumbi da ciwon gwiwa ba zai shiga tsakanin samari masu buga ƙwallo ba. Shi ma yana da haƙƙin samun wurin da ya dace da shi. Duk unguwar da aka yanka filayenta kaf aka mayar gidaje da shaguna, ba a bar ko taki ɗari na sarari ba, to an yanka wa mazaunanta layi a asibiti tun kafin su tare.

Na san abin da masu musu za su ce. Na farko, wai wasan Turawa ne. To ƙwallon ƙafa da muke kwana a gidan kallo dominta, ta kakan wa ce? Balle ma wasa a bakin ruwa ba baƙonmu ba ne. Kabawa sun gaji kabanci, da tseren kwalekwale, da nutso, da kamun agwagwar ruwa. Mun gaji langa da kokawa da dambe. Kakanninmu sun yi noma, sun yi fatauci a ƙasa, sun yi wasa da girmansu. Zaman majalisa daga la'asar zuwa dare, da shayi mai cokali huɗu na suga a hannu, shi ne baƙon abu. Idan faifai bai kwanta maka ba, ka ɗauki wani wasan. Buƙata dai ita ce ka tashi.

Na biyu, wai talaka da ke fama da abin sawa a baka ina ruwansa da wasa. Manomin da ya wuni a fadama da masuncin da ya wuni yana tuƙi sun biya bashin jikinsu, ba da su nake ba. Da kai nake, ma'aikacin ofis, da ɗan kasuwar da ke wuni a kan benci, da direba, da uwargidan da ba ta taka ko'ina sai daga ɗaki zuwa kicin. Kuma ka lissafa: kuɗin magani na wata ɗaya, da na gwajin jini, balle na wankin ƙoda, faifai nawa za su saya?

Na uku, wai mata ba za su iya ba. Ke 'yar'uwa, ƙiba da ciwon suga ba sa neman izini kafin su shiga gida. Wannan wasa ba gudu a cikinsa, ba cuɗanya, da hijabinki za ki yi shi. A ware wa mata ranaku ko sa'o'i, ko a buɗe musu harabar makarantun 'yan mata a ƙarshen mako. Maigidan da yake sayo wa iyalinsa magani amma ya hana su hanyar rage buƙatarsa, ya sake tunani.

Na huɗu, zafin rana. Wannan kam gaskiya ne, domin daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40. Sai a fita da sanyin safiya ko da yamma liƙis, da gorar ruwa a hannu. Da hunturu kuwa ba wanda yake da uzuri.

Tun da rigakafi ya fi magani, ga gargaɗi daga ɗakin magani. Mai amfani da insulin ko glibenclamide, suganka zai iya faɗuwa yayin tafiya, don haka kada ka fita da yunwa, kuma ka riƙe dabino ko ƙwayar suga. Da ka ji rawar jiki, gumi mai sanyi ko jiri, ka tsaya ka ci. Mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari, irin hydrochlorothiazide, ya fi kowa saurin bushewa cikin zafi. Wanda awonsa ya kai 180 bisa 110, ko mai jin ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, ya fara ganin likita. Mai ciwon suga ya sa takalmi rufaffe, ya duba tafin ƙafarsa idan ya dawo. Idan kuma faifai ya faɗa ruwa, a ciro shi da doguwar sanda ko a haƙura da shi. Ruwan kwance a yankinmu yana iya ɗauke da ƙwayar tsargiya, wadda ke fitowa daga katantanwa ta huda fata, daga baya a ga jini a fitsari. Praziquantel yana maganinta, amma kauce mata ya fi.

Saboda haka, ya kai mai karatu, kada ka jira sai an kafa kwando. Gobe da safe ka aje makullin mota, ka kira maƙwabcinka, ku taka minti 15 ku juyo. Ku yi haka sau 5 a mako, ku auna jininku yau, ku sake aunawa bayan wata 2. Sannan ku kai maganar fili gaban mai unguwa da kansila da ƙungiyar unguwarku, ku nemi a killace sarari tun kafin a yanka shi. Wanda kuma ya tsaya ya tambaye ka ko motar ce ta lalace, ka ce masa lafiyarta lau, mai ita ne ake gyarawa. Allah ya ƙara mana lafiya.