Idan Kwamfutar Gida Ta Ƙi Amsa Sallama

A makon jiya aiki ya kai ni Ibadan, na bar kwamfutata a gida Abuja, da wani rahoto a cikinta wanda edita yake jira kafin magariba. Ban damu ba, domin na saba shiga cikinta daga nesa ta wayar hannuna, kamar ina zaune a gabanta. To, ran nan na yi sallama, shiru. Na sake, shiru. Da na buga waya gida sai ƙanena ya ce, "Yaya, ai tun da hantsi aka ɗauke wuta." Haka na zauna na sake rubuta rahoton nan da ka, ina gumi.

Darasin da na koya shi ne, idan hanya ta toshe, a bi ta daki-daki, a fara da abin da ya fi sauƙi.

Na farko, a tabbatar kwamfutar tana kunne, kuma idonta biyu. Wadda ta yi barci ba ta amsa kira, don haka sai a hana ta barci tun kafin a bar gida. Yawancin kwamfutocin tebur suna da wani wuri a cikin BIOS inda ake umurtar su su tashi da kansu in wuta ta dawo. A tuna kuma da rauta, watau akwatin da ke rarraba intanet a gida, ita ma wuta take ci.

Na biyu, izini. Manhajar Remote Desktop ta Windows a rufe take zuwa, sai mai kwamfuta ya buɗe ta da kansa. Bugu da ƙari, wanda yake da Windows Home ya huta da wahala: da ita ana iya shiga wata kwamfutar, amma ita ba a shigarta ta wannan hanya. Sai mai Windows Pro ko abin da ya fi ta.

Na uku, adireshi. Lambar da kamfanin intanet ya ba gidanka jiya tana iya sauyawa yau. Kamfanonin waya kuwa sukan tara mutane da yawa a kan lamba guda, kamar gidan haya mai zaure ɗaya, baƙo ya zo bai san ɗakin da zai nufa ba. Maganin wannan shi ne manhaja irin Chrome Remote Desktop, wadda kwamfutar gida ce ke fitowa ta tarye ka a hanya.

Na huɗu, mabuɗi. Lambar PIN da kake bugawa a gaban kwamfutarka ba ita Remote Desktop take nema ba, kalmar sirrin asusunka take so. Asusun da ba shi da kalmar sirri kuwa, Windows ba ta barin a shige shi daga nesa.

To, ga inda haɗarin yake. Idan mutum ya gaji, sai wani gwani ya ba shi shawara ya buɗe ƙofa mai lamba 3389 a jikin rauta, ya bar ta ga duniya. Lalle zai shiga, amma ba shi kaɗai ba. Ɓarayin intanet dare da rana suke zagaya suna taɓa wannan ƙofa. A watan Mayun 2019 aka bayyana wata ɓaraka a wurin, wadda aka yi wa laƙabi da BlueKeep, har ta sa kamfanin Microsoft ya fitar da gyara ga Windows XP, wadda ya daina kulawa da ita tun 2014. Wanda tilas sai ya bi ta nan, ya bi ta cikin VPN. Kada garin neman gira a rasa ido.

Haka kuma, duk wanda ya bugo maka waya ya ce daga banki yake, ka sa AnyDesk ka karanto masa lambar da ta fito, mabuɗin ɗakinka yake nema. Kashe wayarka.

Shawarata ta ƙarshe, kafin ka yi tafiya, ka kashe Wi-Fi na wayarka, ka gwada shiga da datarka tun kana tsakar gida. Abin da ka san za ka bukata kuma, ka ɗauki kwafinsa a aljihu. Ni dai na ji a jikina.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.