Daga Bakin Allo: Jan Biro A Kan Darar Turawa

Yau dai asirin kaina zan tona, kuma ina roƙon abokan aikina mushe-mushe da ke karanta wannan shafi su yi mini dariyar a hankali.

Tun damanar bara yaron nan na gidana, wanda ba na kama sunansa, ya saka mini wani wasa a wayar salula, ya ce, "Baba, tun da kana cewa ba a taɓa cinye ka a dara ba, gwada wannan." Wasan shi ne wanda muke kira darar Turawa, ko da yake ba Turawa suka ƙago shi ba. A Indiya ya samo asali wajen ƙarni na 6, ya shiga Farisa, Larabawa suka karɓe shi suna ce masa shaɗaranj, daga hannunsu ya haura Turai ta Andalus. Darar da muka gada tana da gurbi 30, kowa da ƴaƴa 12, kuma duk ƴaƴan daraja ɗaya gare su. Ita wannan gida 64 ne, kowa da mayaƙa 16: sarki, da waziri wanda Turawa ke kira sarauniya, da dawaki biyu, giwaye biyu, ganuwa biyu, sai sojoji takwas a sahun gaba. Kowane da irin tafiyarsa, kuma wasa yana ƙarewa ne idan aka rutsa sarki ya rasa gidan tsira.

A dandalin Lichess nake bugawa, wanda wani Bafaranshe mai suna Thibault Duplessis ya kafa a 2010, kuma kyauta ne. Kana zaune a tsakar gidanka a Maradi sai a haɗa ka da wani a Barazil ko Indonisiya, ba ka san fuskarsa ba, bai san taka ba. Sabon shiga ana ba shi lambar ƙarfi 1500 ta wucin gadi, in ya ci ta hau, in an ci shi ta sauka. Tawa kuwa sauka ta yi ta yi kamar guga a rijiya, har ta tsaya wajen 1100.

To, me nake yi idan an cinye ni? Sai in danna sabon wasa nan take, zuciya na tafasa, ina neman ramuwa a kan wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Wani daren sai in buga goma a jere. Uwargida ta yi magana har ta gaji, ta ce malam guda ya zama ɗan fada. Kuma kullum ina da abin ɗora wa laifi: an ɗauke wuta, intanet ya yi nauyi, yara sun cika ni da hayaniya, ko kuwa in ce abokin wasan na'ura ke buga masa. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce laifi tudu ne.

Abin da ya farkar da ni a aji ya faru. Na kwana biyu ina gyaran takardun shifta na yara sittin da ɗoriya, kowace na bi ta da jan biro layi layi. Da na rarraba, sai na tsaya ina kallonsu. Kowane yaro ya dubi kusurwar sama inda na rubuta makin, mai 14 bisa 20 ya yi murmushi, mai 6 ya ɓata rai, dukansu suka ninke takardar suka cusa cikin jaka. Babu wanda ya karanta gyaran. Na hau faɗa, na ce musu makin ba ya koya wa kowa kome, ilimin yana cikin jan biron da suka ƙi dubawa. Ina cikin faɗan ne maganar ta dawo ta buge ni, don kuwa daren jiyan nan wasa tara na buga, kuma lambar kaɗai na duba.

Ran nan da dare na sayi kaye mai shafi 100, na koma kan wasan da ya fi ƙona mini rai. Bari in kawo muku shi, don gajere ne. Ku tuna gidajen allon ana kiransu da harafi da lamba, daga a zuwa h, daga 1 zuwa 8. Ni ke da farare. Na tura soja e4, ya tura nasa e5. Na fito da doki f3, ya fito da nasa c6. Na kai giwa c4. Sai ya ɗauke dokin nan nasa ya kai d4, ya bar sojansa na e5 babu mai gadi. Na ce wannan baƙo ne, na cinye sojan da doki. Ya fito da waziri g5. Maimakon in tsaya in tambayi kaina me yake nema, sai na hango wani sojan a f7, na haɗiye shi, dokina ya saka wazirinsa da ganuwarsa a tsaka mai wuya, har ina gyara zama. Wazirinsa ya faɗo g2. Na janye ganuwa zuwa f1, ya cinye sojana na e4 ya yi wa sarkina barazana, na kare da giwa a e2, sai dokin nan da na raina ya diro f3. Sarkina na e1 mutanensa sun kewaye shi ta kowane gefe, giwar da za ta ci dokin kuma ba ta da damar motsi, don in ta gusa waziri na kallon sarki. Tafiya bakwai, an gama da ni. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Daga baya na gane tsohon tarko ne sananne, kuma maganinsa a tafiya ta huɗu yake: ka bar sojan, ka ci dokin na d4 da naka dokin, ka ci gaba da wasanka lafiya.

Yanzu ga inda nake son a saurare ni da kyau. Dandalin yana da na'urar bincike mai suna Stockfish, wadda ke bin wasanka ta nuna maka inda ka kauce. Ƙaramin kuskure ta sa masa alamar tambaya da ta motsin rai, babba ta sa alamar tambaya ɗaya, mugun ɓaranɓarama kuma alamar tambaya biyu. Ƙarfinta ba abin musu ba ne. Tun 1997 na'urar Deep Blue ta doke zakaran duniya na lokacin, Garry Kasparov, kuma wadda ke cikin wayarka yau ta fi waccan nesa ba kusa ba. Da farko sai na riƙa danna ta da zarar wasa ya ƙare, in ga jajayen alamu, in gyaɗa kai, in ce na gane. Sati biyu ina haka ban ga wani canji ba. Dalili kuwa, na'urar ta san tafiyar da ta fi kyau, amma ba ta san abin da ke cikin kaina ba lokacin da na yi mummunar. Kamar yaron da ya kwafi amsar lissafi daga allo ne, kayensa ya yi tsabta, kansa na nan yadda yake.

Sai na juya tsarin. Na samu labarin Mikhail Botvinnik na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, wanda ya zama zakaran duniya a 1948, kuma ban da ɗan gajeren lokaci sau biyu, yana riƙe da kambun har 1963. Shawararsa ga masu tasowa ita ce su yi sharhin wasanninsu da kansu, su kuma baje shi a gaban jama'a don a soki kuskurensu. A makarantarsa, inda Kasparov ya yi karatu yana yaro, ɗalibi yakan kawo wasanninsa ne ya yi bayanin dalilin kowace tafiya. Ni ba ni da Botvinnik a unguwarmu, amma ina da kaye da biro.

Ga yadda nake yi yanzu. In an ci ni, ba na buga wani sai na sha ruwa na huce. Sannan in bi wasan daga farko, na'ura a kashe, in nemo wurin da nake zaton lamarin ya ɓaci. A kaye nakan ja layi uku: tafiyar da na yi, abin da nake tunani a lokacin, da abin da ban gani ba. Layin tsakiya shi ne mai wuyar cikewa, don yana buƙatar gaskiya. Rubuta "na raina shi" ko "ina sauri in kwanta" ba daɗi, ko da kuwa ba mai karantawa sai kai. Bayan wannan ne nake kunna na'ura in gwada zatona da nata. Ba na bin duk abin da ta nuna. Kuskure ɗaya tak nake ɗauka daga kowane wasa, wanda ya fi girma.

Da na tara wasanni 30 da aka ci ni, sai na zauna na kasa su kamar yadda nake kasa kurakuran shifta. Na ɗauka matsalata rashin haddace buɗe wasa ce, har ina shirin ɓata lokaci a kan wannan. Kayen ya ƙaryata ni. A fiye da rabinsu ni ke kan gaba kafin in faɗi. Dandalin yana nuna daƙiƙun da ka ɗauka a kowace tafiya, kuma na tarar munanan tafiyoyina kusan duka cikin daƙiƙa biyu ko uku na yi su, ga minti shida ko bakwai na ajiye a agogo. Da na ci doki ko ganuwa sai in saki jiki, in daina duba abin da abokin wasa ke ƙullawa. Sau huɗu an rutsa sarkina a layin baya, bayan sojojinsa uku, don na ƙi ɓata tafiya ɗaya in buɗe masa ƙofar iska. Wannan ba jahilcin wasa ba ne, hali ne, kuma uwargida ta ce ta riga kayen saninsa da shekara goma sha biyar.

Kada wani ya ji kunyar kuskure. A Disamban 2024, a Singafo, wasan ƙarshe na gasar kambun duniya yana tafiya zuwa kunnen doki, sai Ding Liren na Sin ya ajiye ganuwarsa a gidan da bai dace ba a tafiya ta 55. Da wannan Gukesh na Indiya ya zama zakara yana ɗan shekara 18. In irin su na zamewa, wane ni?

Na daina wasan minti uku, na koma na minti goma sha biyar, biyu kawai a dare, bayan isha'i. Kafin kowace tafiya nakan ɗaga yatsa daga waya in tambayi kaina: me tafiyarsa ta ƙarshe ke nema, kuma wanne daga cikin mutanena ba shi da mai gadi? Lambar ta ɗan hau, ba da yawa ba, na ma rage dubanta.

A aji ma na sauya. Yanzu nakan ja layi ƙarƙashin kuskure in mayar da takardar babu maki, yaro ya nemo gyaran ya rubuta dalilin da ya sa ya kuskure, sannan ya zo ya karɓi makinsa. Satin farko sun yi gunaguni, wani uba ma ya zo har lakwal yana tambaya ko biro ne ya ƙare mini. Amma wata yarinya ta gano da kanta cewa a layuka uku na ƙarshe take yin yawancin kuskurenta, don tana saurin ta riga kowa ajiye biro. Na dube ta na ce a raina, ashe ƴar gida ce.

Yaron gidana har yanzu yana cinye ni, sai dai yanzu in mun gama mukan mayar da mayaƙan mu bi wasan tare. Shekaranjiya ya nuna mini wata tafiya ya ce, "Baba, me kake tunani a nan?" Na ce ban yi tunanin kome ba. Ya ce, "To rubuta haka." Na rubuta.

Duk mai buga wannan wasa cikin masu karatu, ya aiko mana da wasa ɗaya da aka ci shi, tare da bayanin inda yake ganin ya ɓata, za mu duba shi a nan. Na nasara ku riƙe abinku. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.